Yadda muka zaɓi waya da hanyarta a wata filaza a Kano

Filazar bene ce mai hawa ɗaya a wajen Hotoro: shaguna 12 a ƙasa, shida a kowane ɓangare, sama kuma ofisoshi da wani babban zaure da ake sa ran makarantar kwamfuta za ta kama. Mai ita dattijo ne ɗan kasuwa, kuma ya yi abin da ba kowa ke yi ba, ya kira ni tun gini yana linta, ba a zuba dekin ba. Yawancin masu gini sai an gama filasta, wani sa'in har da fenti, sannan su tuna da mai wayarin, su ce ya zo ya sassare musu bango.

Abin da na fara tambayarsa shi ne me za a riƙa yi a shagunan. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni ina na sani? Wanda ya kawo kuɗi ai shi ne ɗan haya."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan aikin filaza ya rabu da aikin gida. A gida ka san inda firij zai zauna, ka san ɗakin da za a sa esi, kuma za a daɗe ba a canza ba. Shago kuwa bana tela ne da keke biyu da dutsen guga, baɗi mai ƙanƙara ne da firiza huɗu, bayansa mai kemis da esi da ba ya hutawa. Ba wanda zai tambayi kaurin wayar da ke cikin bango kafin ya jona kayansa. Saboda haka ni da injiniyan da ya zana aikin muka tsayar da cewa kowane shago zai samu mitarsa, da ƙaramin akwatin rarraba wutarsa, da layin da zai ɗauki amfiya 32 hankali kwance. Shagunan ƙarshe guda biyu, waɗanda suka fi girma, muka ware musu layi uku, wato wuta mai fes uku, don irinsu masu gidan abinci da masu burodi suke nema.

Daga nan sai gardamar hanya ta taso, kuma ita ta fi cin lokaci. Alhaji so yake a binne komai a bango da dekin. "Ban son in ga waya ko ɗaya a waje," in ji shi. "Na farko muni, na biyu ɓarayi." Duka biyun yana da hujja. Jan ƙarfe kuɗi ne, kuma ginin da ba kowa a ciki dare ɗaya ya isa a zare masa jijiya. Amma layukan da za su tashi daga ɗakin mita zuwa shaguna ba irin wayar da ake cusawa wuri ɗaya a rufe ba ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini biro."

Teburan da muke aiki da su na ƙa'idar wayarin ta Ingila ne, BS 7671, kuma an gina su ne a kan iska mai zafin digiri 30. Robar PVC da ke jikin waya ba a yarda zafinta ya wuce digiri 70 ba. Tsakanin 30 da 70 ke nan filin da waya take da shi na yin zafi in tana ɗauke da wuta. To a Kano, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 ba labari ba ne. Filin ya ragu ke nan, shi ya sa teburin ya ce a ninka ƙarfin wayar da 0.87. In cikin silin ne, ƙarƙashin kwano, inda zafi kan kai 50, da 0.71 za a ninka. Sannan ga cunkoso. Wayoyi in suka taru a rufaffen wuri kamar fasinjojin bas ne a watan Afrilu, kowa zafin jikinsa yake zuba wa na kusa da shi. Layi biyu a bututu ɗaya 0.80, uku 0.70, shida 0.57.

Na rubuta masa a bayan takardar siminti. Waya mai kauri 6, wato murabba'in milimita 6 na jan ƙarfe, a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 41. Layukan shaguna shida a haɗe, a zafin 40, ya koma 41 sau 0.57 sau 0.87, amfiya 20 da 'yan kai. Wannan kaurin dai, in kebul ne mai riga biyu aka shimfiɗa shi a kan tiren ƙarfe mai huji-huji, iska tana zagaya shi, daga 51 yake farawa, cunkoson shida kuma 0.73 ne kawai. Ya tashi 32. Jan ƙarfen bai canza ba, hanyar da aka bi da shi ce ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin tsoron kuma shi ne birekar amfiya 32 ba ruwanta da wannan lissafi. In shago yana jan 28 ba za ta faɗi ba, ita kuwa wayar tana can tana dahuwa a hankali, robar tana bushewa tana tsagewa, sai ranar da ja, mai kai wuta, ya taɓa baƙi, mai dawo da ita.

Ɗan Alhaji, wanda yake kula da aikin kullum, shi ya kawo mafita. Akwai siririn lungu a bayan shagunan da aka bari don iska da magudanar ruwa. Ya ce, "Baba, in aka sa wa lungun nan ƙyaure na ƙarfe gaba da baya, aka yi masa rumfa, wa zai ga tiren?" Haka aka yi. Tire mai ruwan zinki, a can sama kusa da dekin, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu. Na zaɓi faɗin da kebul shida za su kwanta a jere ba a ɗora wani kan wani ba, kuma wuri ya ragu. Amfaninsa ya wuce sanyi. In wani ɗan haya ya buƙaci ƙarin wuta, tsani kawai za a kafa a shimfiɗa sabon kebul. In kuma wani ya yi dabarar jona wutarsa a layin maƙwabci, ɗaga kai ya isa a gani.

Nisa ma ya yi tasa maganar. Shagon da ya fi nisa mita 45 ne daga ɗakin mita. Ƙa'ida ba ta yarda wuta ta zube fiye da kashi 5 cikin 100 a hanya ba in soket ne, kashi 3 in fitila ce. A bolt 230, wannan 11.5 ke nan da 6.9. Waya mai kauri 6, in tana ɗauke da amfiya 25 a wannan nisan, tana zubar da bolt 8 da ɗoriya tun kafin a shiga shagon. Mai kauri 10 kusan 5 kawai take zubarwa. Kuma duk wanda yake amfani da wutar KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ya san ba kullum take iso wa da cikakken 230 ba, ballantana da yamma in kowa ya kunna kayansa. Injin firiza in wuta ta yi ƙasa gurnani yake yi, ya yi zafi, ya ƙone. Don haka shagunan nesa muka ba su 10, na kusa 6.

A cikin shagunan na bi ra'ayin Alhaji, aka binne. Fitila da fanka waya 1.5, soket 2.5, esi 4 a kan layinsa shi kaɗai, kowane layi da wayar atin tasa, wadda ke kai yoyon wuta ƙasa. Bututun PVC na milimita 20 ga fitilu, na 25 ga soket da esi, kuma ban yarda layi ya wuce biyu a bututu ɗaya ba. Bututu ya fi waya araha nesa ba kusa ba, don haka inda wasu za su cusa layi uku a ɗaya, ni biyu nake jerawa. Kowane shago na bar masa bututu guda wayam daga akwatinsa zuwa lungun baya, don ƙaramin inji. Ko ka shirya ko ba ka shirya ba, ɗan haya zai kawo injinsa. In bai samu hanya da cenji-oba ba, ta taga zai shigo da waya ya soka a soket, ya mayar da wuta kan layi, wani bawan Allah yana can kan falwaya yana zaton an ɗauke.

Ranar zuba dekin ba na aika yaro, da kaina nake tsayawa. Bututu iri biyu ne a kasuwa, mai kauri da marar kauri, kuma a ido kusan ɗaya suke. Marar kaurin in ka matsa shi da babban yatsa za ka ji ya ba da kai. Shi ne in lebura ya taka da kwanon kankare a ka yake lotsewa, ko ya tsage ruwan siminti ya shiga, ba kuma za ka sani ba sai bayan watanni, ranar da ka tura igiyar jan waya ta tsaya cak a tsakiyar dekin. Mun shimfiɗa masu kaurin tsakanin rodi na ƙasa da na sama, muka ɗaure su da wayar ɗauri, kowace mahaɗa da gam, kowane akwati an cusa masa jiƙaƙƙiyar takardar siminti. Lanƙwasa da sifirin muke yi a gwiwa, ba da wuta ba, don wuta tana tsuke cikin bututu. Ban bar lanƙwasa fiye da biyu tsakanin akwati da akwati ba. Na sa aka jera katako inda baro zai bi, na kuma kafa yarona ɗaya a bayan mai injin girgiza kankare. Wajen azahar na ji ya ɗaga murya, "Oga, an cire wannan!" Takalmin wani ne ya fizge bututu daga akwatin fanka. Muka tsayar da zubin minti kaɗan, birkila yana ƙunƙuni, aka mayar aka ɗaure.

Sama kuma wani tsari ne daban. Ofis raba shi ake yi da katako a sake rabawa, tebur yau yana nan gobe yana can. Soket ɗin da aka binne yakan ƙare a bayan kabad, sai ka ga doguwar waya a ƙasa kowa yana tuntuɓe. Don haka muka zagaye bangon da tirankin fari, wato dogon akwati mai murfi da waya ke bi ta ciki, mai ɗaki uku, a tsayin tebur: ɗaki ɗaya na wuta, ɗaya na wayar intanet da kyamara, na tsakiya na akwatunan soket. Wayar intanet ba ta son kwana kusa da ta wuta, don tana ɗaukar hayaniyarta, kuma in roba ta samu rauni bolt 230 ba zai tsaya tambaya ba. Ƙa'ida ta ce kada waya ta cinye fiye da kashi 45 cikin 100 na cikin tirankin. Ni ko hakan ban kai ba, saboda wanda zai zo bayana.

Matattakala ce ta sa na dage. Duk wanda yake Kano a 2016 yana tuna gobarar kasuwar Sabon Gari, kuma Alhaji ba ya buƙatar a tuna masa. Robar PVC in ta kama, baƙin hayaƙi take yi mai kauri da iska mai guba da ke ƙona maƙogwaro da ido, kuma ginin nan hanyar saukowa ɗaya gare shi. Akwai kebul mai ƙarancin hayaƙi da aka yi don irin wannan wuri, amma ya fi tsada kuma sai an yi odarsa. Muka tsaya a tsakiya: wayar ƙararrawar gobara aka sayi mai jure wuta, sauran wayoyin matattakala da baranda kuma suka bi ta bututun ƙarfe, da maɗauran ƙarfe. Maɗaurin roba shi yake fara narkewa, waya ta zubo ta tare hanya a cikin duhu. Duk inda tire ko bututu ya huda dekin zuwa sama an toshe gefensa, don kada ramin ya zama hanyar hayaƙi. Bututun ƙarfe yana da nasa sharaɗin: wayar kai da ta dawowa dole su bi ta cikin guda ɗaya, in aka raba su ƙarfen da kansa zafi yake yi. Bakinsa kuma sai an goge an sa masa zobe, in ba haka ba wuƙa ce ga robar waya. Shagunan abinci ma ƙarfe na sa musu a ɓangaren girki, saboda zafi da mai da ɓera.

Sayen waya ni da ɗan Alhaji muka tafi Sabon Gari. Na gaya masa tun a mota cewa ta gida za mu nema. Akwai masana'antun waya a ƙasar nan irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, kuma wayar Najeriya ta yi suna. Sunan ne ma ya sa ake buga jabunta. Tambarin SON, hukumar da ke kula da ingancin kaya, a jikin leda abin dubawa ne, amma leda bugawa ake yi, don haka ba na tsayawa a nan. A wani shago aka sauko mana da rol biyu na 2.5, launi ɗaya, rubutu kusan ɗaya, farashi kuma da tazara. Ɗan Alhaji ya kalle ni. Na ɗaga su, ɗaya a kowane hannu, na miƙa masa. Mita 100 na 2.5 jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya haura kilo 2, hannu ma yana ganewa. Na fere bakin mai arahar, na kankare da wuƙa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin ja. Alminiyom ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Na kara masa ashana, ya lanƙwashe ya yi laushi nan take, na gaskiyar kuwa baƙi kawai ya yi yana nan a miƙe. Sauƙin da wuta ke bi ta alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 ne na jan ƙarfe, ga shi yana karyewa a bakin sukurun soket.

Akwai kuma jabun da wuƙa ba ta kamawa: jan ƙarfe ne na gaske, amma an rage masa kauri an ƙara roba. Wannan mitar auna om, wato turjiyar da waya ke yi wa wuta, ita ce maganinsa. Rol mai mita 100 na 2.5 ya kamata ya nuna om 0.74 tsakanin bakinsa biyu, na 1.5 kuma 1.21, bayan ka cire na igiyoyin mitar. In ya haura da yawa, siriri ne. In ya yi ƙasa da yawa, ba alheri aka yi maka ba, rol ɗin ne bai cika ba. Mai shagon da muka saya a wurinsa bai ji haushi ba, shi ya ba ni kujera. "Malam, gwada duk wanda ka ga dama. Araha ba ta ado."

A nan ne kuma na lura kebul ɗin layi uku da muka samu launinsa sabon tsari ne. Mu mun saba da ja, rawaya da shuɗi, baƙi shi ne nutural, wato wayar dawowa. Ingila ta canza tsakanin 2004 da 2006, ta koma ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka, shuɗi ya zama nutural. Wato baƙi da shuɗi sun yi musayar aiki. Yaron da ya saba da tsohon tsari zai kama baƙi da hannu yana zaton ba wuta. Na sayi tef mai launi, duk bakin waya na naɗe shi da launin da muka sani, na kuma rubuta gargaɗi a murfin akwatin.

Babban kebul daga falwaya zuwa ɗakin mita mai sulke muka ɗauka, jijiya huɗu, kauri 50, robarsa XLPE wadda take jure digiri 90. An kawo shawarar alminiyom don ya fi sauƙin kuɗi kuma ɓarayi ba su cika damuwa da shi ba. A babban kebul ba laifi ba ne, muddin an ƙara kauri kamar sau ɗaya da rabi, an kuma yi amfani da kan jona na musamman da ke haɗa shi da jan ƙarfe. Nisan bai kai a yi wannan wahalar ba, muka tsaya kan jan ƙarfe. Abin da na ƙi shi ne kebul mai siririn nutural. A filaza layuka uku ba sa taɓa daidaita, wannan shago ya kunna wancan ya kashe, nutural ne yake ɗaukar bambancin. Ranar da ya ƙone ya tsinke, wasu shagunan wutarsu doshin 400 za ta yi, ta kwashe talabijin da caja da firij a lokaci guda. Rami muka haƙa ya haura rabin mita, yashi a ƙasa, yashi a sama, sannan bulo, sannan tef ɗin gargaɗi. Inda motoci za su taka muka zura shi a babban bututu. Sulken kuma aka kama shi da gilan, wato maɗaurin bakin kebul, aka haɗa da atin, haka tiren da duk bututun ƙarfe.

Sola ba ta cikin kasafin, amma na bar bututu biyu na milimita 32 daga rufi zuwa ɗakin mita, da igiya a ciki, an toshe bakinsu. Wayar sola tata ce daban, mai jure rana, kuma ba a haɗa ta hanya ɗaya da wutar gari.

Kafin a kira jami'an NEMSA, hukumar da ke duba aikin lantarki, su duba, mun bi layi-layi da mega, na'urar da ke gwada lafiyar robar waya, a bolt 500. Mafi ƙarancin da ƙa'ida ta yarda da shi om miliyan 1 ne, amma sabuwar waya ya kamata ta ninka haka sau ɗaruruwa. Layi ɗaya a shago na tara ya nuna ƙasa sosai. Muka bi shi, ashe kafintan da ya kafa kanta ne ya buga ƙusa ta ratsa bututu ta ƙwarzane ja. Da yake layi biyu ne kawai a ciki kuma kwanar ba ta da yawa, zare shi da zura sabo bai kai a sha shayi ba. Kowane soket yana bayan bireka mai jin yoyon wuta na miliamfiya 30, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kowane kebul a kan tire an ɗaura masa lambar shagonsa a farko da ƙarshe. Zanen hanyoyin kuma na yi kwafi biyu, ɗaya na ba ɗan Alhaji, ɗaya na sa a leda na manna a cikin ƙofar ɗakin mita, tare da kaurin kowace waya da girman birekar da ba a yarda a wuce ba.